Amsa ga mai son haɗa gidan ban tsoro da dala 300

Ɗan'uwa, da na karanta cewa an ɗora maka shirya gidan ban tsoro na ƙarshen Oktoba a zauren unguwarku kuma kuɗin bai wuce dala 300 ba, sai gabana ya faɗi, domin na sha wannan wahalar a shekarata ta biyu a Amurka.

Kuɗin zai isa. Dodannina duka da bututun roba na famfo na yi musu ƙashi, na sa musu tsofaffin riguna, sannan na samo injin waifar mota a wurin 'yan gwangwan, mai aiki da wutar batir ta volt 12, shi yake juya kan dodon a hankali. Wanda ya cuce ni abokin aikina ne. Na danƙa masa kuɗin yadin da ba ya saurin kama wuta domin rufe bango, sai ya sayo baƙar leda da soson katifa, ya soke canjin a aljihu. Daren gwaji, ƙwan fitila ya narkar da ledar, na ga tana ɗiga kusa da kafaɗar wani yaro da ya ɓuya a lungu, wari ya cika wurin, muna lalube cikin duhu. Da na tsare shi washegari, ko a jikinsa, cewa ya yi ai ba wanda ya mutu. Wallahi har yau idan na ji ƙaurin leda wannan maganar ce take dawo mini, kuma bai taɓa neman afuwa ba.

A ranar 11 ga Mayu, 1984, matasa 8 sun rasu a gobarar wani gidan ban tsoro a wurin shaƙatawa na Six Flags da ke jihar New Jersey, inda irin wannan soson ya kama wuta. Saboda haka ka je wurin jami'an kashe gobara tun kafin ka kafa komai, ka yi amfani da fitilun LED kawai, wato waɗanda ba sa yin zafi sosai, kuma kuɗin yadin kada ya bi ta hannun kowa sai naka.

Batun hayaƙin ado da ake fesawa da inji kuwa, ka bi da shi ta cikin kula mai ƙanƙara, zai kwanta a ƙasa kamar hazo. Busasshiyar ƙanƙara, wato daskararriyar iskar carbon dioxide, tana da kyau a ido, amma iskar da take fitarwa tana taruwa ne a ƙasa, daidai tsayin ƙananan yara, don haka kada ka sa ta a rufaffen ɗaki.