Amsa ga ƙanena da ya yi tambaya kan rigimar malamai da shugabannin jami'a

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun daren jiya na ga tambayarka, na bar ta ta kwana don kada in amsa cikin zafin rai. Ka ce wata shida ke nan da ɗaukarka aiki a jami'a, kuma duk inda ka zauna da manyanka sai ka ji suna kuka da shugaban jami'a, wai ana tauye 'yancin ilimi. Kana so ka sani ko da gaske ne, ko dai rigimar albashi da muƙami ce aka yi wa kwalliya. Na haura shekara 25 ina koyarwa a wata jami'ar tarayya a Arewa, na riƙe shugabancin sashe, na zauna a majalisar malamai da muke kira Sanet. Abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Rigimar kashi biyu ce, kada ka haɗa su. Ta albashi da gwamnati ake yin ta, domin ba shugaban jami'a ke yanka wa kowa albashi ba. Ita ce ta kai mu yajin aikin wata tara a 2020, da na 2022 da ya faro ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, aka riƙe mana albashin watannin. Wannan kowa ya san ta. Wadda ake yi da shugabannin jami'a kuwa a kan wasu abubuwa ne dabam: wa ke da ta cewa a kan abin da za a koyar, wa ya ci jarrabawa wa ya faɗi, wa za a ɗauka aiki, kuma me zai sami malamin da ya buɗe baki ya ce a'a.

Idan ka ga manyanka na saurin zabura, akwai dalili. A watan Mayun 1986 'yan sanda suka buɗe wuta a kan ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Zariya, aka rasa rayuka. Kwamitin da gwamnatin Babangida ta kafa ƙarƙashin Janar Emmanuel Abisoye sai ya juya kan malamai, ya ce akwai masu koyar da abin da ba shi aka biya su su koyar ba. Wannan maganar ta zama bulala. A 1987 aka kori Festus Iyayi daga Jami'ar Benin yana shugaban ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ƙasa. A 1988 jami'an tsaro suka ɗauke Dakta Patrick Wilmot, ɗan Jamaika mai koyar da ilimin zamantakewa a Zariya, suka jefa shi jirgi sai Landan, kuma a shekarar ce aka haramta ASUU ɗin kanta. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman shi ma an kore shi, sai da kotu ta mayar da shi bakin aikinsa. A 1995 Abacha ya ɗauko soja, Manjo Janar Mamman Kontagora, ya ɗora shi kantoma a kan ABU. Zuwan farar hula bai kawo ƙarshen abin ba: a 2001 Jami'ar Ilori ta kori malamai 49 saboda yajin aiki, sai a 2009 Kotun Ƙoli ta ce a mayar da su, bayan wasunsu sun riga mu gidan gaskiya.

Yanzu babu mai zuwa da bindiga ya fitar da kai daga aji. Abin ya koma cikin takardu, shi ya sa sabon shiga irinka ba ya ganinsa da wuri. Dokar 2003 ta ba majalisar gudanarwar jami'a ikon naɗa shugaba na wa'adi ɗaya, shekara biyar, amma shugaban majalisar da wakilan waje gwamnati ce ke naɗa su. A watan Yunin 2023 aka rushe majalisun jami'o'in tarayya gaba ɗaya, aka ɗauki kusan shekara babu su, abin da ya kamata majalisa ta yanke sai an kai shi Abuja. Kafin nan ga tsarin biyan albashi na IPPIS, wanda ya sa ɗauko malamin wucin gadi daga wata jami'a ya zama jan aiki. Ga kuma manhajar karatu da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da ita a 2022, kashi 70 cikin ɗari daga wurinta, 30 kacal aka bar wa jami'a. Shugaban da ya san daga ina kujerarsa ta fito, ai can zai riƙa kallo, ba wajen malamansa ba.

Bari in ba ka nawa labarin, ba tare da sunan kowa ba. Ina shugaban sashe, wani ɗalibin ajin ƙarshe, ɗan wani babban mutum, ya faɗi kwas ɗin da sai da shi ake kammalawa. Malamin kwas ɗin matashi ne, bai wuce sa'arka ba, mai tsantseni ƙwarai. Aka kira ni a waya daga sama, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali, sannan aka ce, Malam, a ɗan duba wa yaron nan. Na sa aka kawo takardar amsarsa, muka zauna mu uku muka sake bin ta layi-layi, ba mu sami inda za a ƙara ko maki ɗaya ba. Na sa hannu a yadda take. Ranar Sanet da aka raba mana kundin sakamako, na buɗe shafin sashenmu sai na ga sunan yaron cikin waɗanda suka kammala. Na ɗaga hannu na miƙe, takardar asali tana hannuna, na faɗi abin da na sani. Ɗakin cike yake da farfesoshi, amma ka rantse babu kowa. Ƙarar fanka kawai kake ji. Mai jagorantar zaman ya ce an ji, za a duba, aka wuce batu na gaba. Da muka fito wajen ajiye motoci, sai ga mutane ɗaya bayan ɗaya suna riƙe hannuna suna cewa a hankali, wallahi Malam ka faɗi gaskiya. Wannan raɗar ta fi yi mini ciwo fiye da abin da aka yi a ciki, har yau.

Ba wanda ya kore ni, ba wanda ya zage ni. Fayil ɗin ƙarin girmana ne ya kwanta shekara biyu, kullum ana cewa ana jiran masu tantancewa na waje. Shi kuma matashin, sunansa ya ɓace daga jerin waɗanda za a tura ƙaro karatu da kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, aka bi shi da takardar tuhuma a kan wani abin da bai taka kara ya karya ba. Sauran ƙananan malamai suna kallo, kowa ya ɗauki darasi. Daga baya na ga malami da kansa yana ce wa ɗalibinsa na digiri na biyu ya canza maudu'in bincike saboda ya taɓa kwangilolin gwamnatin jiha, alhali babu wanda ya hana shi. Tsoro ne ya riga umarni isowa. Idan manyanka suka ce ana tauye 'yancin ilimi, irin wannan suke nufi.

Amma zan zalunce ka idan na ɓoye maka namu laifin. Shugaban jami'a ba daga sama ya faɗo ba, a cikinmu aka ɗauko shi. Wanda ya fi kowa ɗaga murya a taron ƙungiya bana, baɗi an ba shi darakta ya yi gum. Lokacin zaɓen sabon shugaba mu ne ke zarya gidajen 'yan siyasa da sarakuna, mu ne ke cewa sai ɗan jiharmu ko da akwai wanda ya fi shi cancanta. Akwai kuma malamin da ke tilasta wa ɗalibai sayen takardunsa, ko yake neman lalata da 'ya'yan mutane, in an taɓa shi ya ce ana masa bi-ta-da-ƙulli. Wannan hukunci ya cancanta, kuma duk shugaban da ya hukunta shi ina bayansa. Na kuma yi aiki da shugaban da Sanet ta kayar da shawararsa a ƙuri'a, ya karɓa ya aiwatar bai riƙi kowa a zuciya ba, Allah ya saka masa da alheri.

Kai dai ka nemi dokar da ta kafa jami'arku da kundin ƙa'idojin aiki ka karanta. Duk sakamakon da ka miƙa ka ajiye kwafi mai sa hannu, tare da tsarin da ka bi wajen ba da maki. In an ba ka umarni da baki, ka roƙa cikin ladabi a rubuto maka. Kada ka riƙa fashin babban taron ma'aikata masu digiri, don a can ake zaɓen wakilai biyu zuwa majalisar gudanarwa, Sanet kuma ta tura huɗu. Ka gaggauta kammala digirinka na uku.

Shi wancan matashin bai ƙara shekara biyu tare da mu ba, ya samu gurbin karatu da ƙoƙarin kansa ya bar ƙasar, a can yake koyarwa yanzu. Kwas ɗin da yake ɗauka har yau aron malami muke yi masa daga wata jami'a, yana zuwa sau biyu a wata.