Bargon ƙyallaye na gado: a wanke shi, a gyara shi, ko a bar shi yadda yake?

"Assalamu alaikum Anti. Ina aure a jihar Ohayo ta Amurka, maigidana Ba'amurke ne. Watan jiya uwar mijina ta kira ni ɗakinta, ta buɗe wani akwatin katako, ta fito da bargo da aka harhaɗa da ƙananan ƙyallaye kala-kala, babu biyu masu siffa ɗaya. Ta ce kakar mahaifiyarta ce ta ɗinka, kuma ni ta zaɓa ta ba tunda ba ta haifi mace ba. A kusurwa an rubuta 1887 da jan zare. Yana warin ajiya, wasu ƙyallayen kuma sun tsattsage kamar an bi su da reza. In kai wa masu wankin dirai-kilin, ko in jiƙa shi da kaina? Akwai kuma telar da ta ce za ta cire lalatattun ta sa sababbi a kan dala 300. In ba ta?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai, ki san matar nan ta ɗauke ki 'ya. A can ba a miƙa wa bare irin wannan kaya.

Kada ki bari ruwa ya taɓa shi, kada ki kai shi gidan wanki, telar nan kuma ki yi mata godiya ki riƙe kuɗinki. Bari in faɗa miki abin da ke hannunki, sai ki gane dalili.

Sunansa a bakinsu crazy quilt. Wasu na cewa don haɗin nasa ba tsari kamar aikin mahaukaci, wasu kuma na danganta sunan da irin tsattsagewar nan ta jikin tangaran, wadda take bazuwa ko ta ina. Masana tarihin ɗinki sun fi jingina yayinsa ga babban baje kolin da aka yi a Filadelfiya a 1876, lokacin cikar Amurka shekara 100, wanda mutane kusan miliyan 10 suka halarta. Rumfar Japan ta ɗauke hankalin mata da tangaran da kayan alharini masu zanen da bai damu da daidaiton dama da hagu ba. Kafin shekarun 1880 su yi nisa abin ya zama ruwan dare: mujallun mata na buga samfurin ɗinki, masana'antun siliki na sayar da ragowar ƙyallaye a ƙunshe ta gidan waya. Shekarar da ke kusurwar naki tana tsakiyar wannan yayi.

Ba don lulluɓa aka yi shi ba. A falo ake shimfiɗa shi kan kujera ko fiyano don baƙi su ga hannun matar gida. Shi ya sa galibi ba auduga a cikinsa. Ƙyallayen siliki da satin da karammiski ne aka ɗora kan farin yadi, sannan aka bi kowace mahaɗa da ɗinkin ado. Ki shimfiɗa shi da rana kusa da taga ki duba a tsanake. Ina kyautata zaton za ki ga mafici, ko mujiya, ko malam-buɗe-littafi, ko saƙar gizo-gizo da suke ɗauka alamar sa'a. Mai yiwuwa ki ga harufan sunan wani, ko ƙyallen rigar aure, ko na rigar yaron da ya rasu. Waɗannan su ne telar za ta farke ta zubar a kwandon shara.

Tsattsagewar da kika gani ba laifin ajiyar surukarki ba ne, ciwon tun daga masana'anta yake. A wancan zamani da awo ake sayar da siliki, kuma idan aka dafa shi don cire danƙon jikinsa yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Sai masu sana'ar su tsoma shi cikin ruwan gishirin ƙarfe, musamman na kuza, don nauyin ya dawo, har ya wuce. Gishirin nan ne yake cin zaren a hankali shekara da shekaru, kuma babu maganin da ke mayar da shi. Baƙaƙen sukan riga sauran mutuwa.

Na san abin da ruwa ke yi masa domin na gani da idona. Shekarun baya na sayi wata 'yar rigar matashin kai mai irin wannan ɗinki a wurin gwanjon kayan gida, na ce bari in ɗan jiƙa ta a ruwan sanyi, ba sabulu ma. Kafin in ƙirga ashirin ruwan ya koma kamar zoɓo. Jan rini ya malale cikin farin satin, baƙin silikin kuma ya liƙe min a yatsu kamar tokar takarda. Rinin wancan lokaci da yawansa ba ya jure ruwa. Garin neman gira na rasa ido, kuma har yau abin na damuna, don wata mata ce ta zauna ta yi wannan aiki da allura. Injin dirai-kilin kuwa jujjuya kaya yake yi, silikin da ya riga ya mutu ba zai fito da rai ba.

Maganin warin shi ne iska. Ki shimfiɗa farin zanin gado na auduga a kan gadon da ba a kwana, ki baje bargon a kai, ki rufe labule don hasken rana na ƙara cin siliki, ki bar shi kwana uku ko huɗu. Na san halinmu, hannu zai kai ga kasko. Ban da turaren wuta, ban da humra, ban da fesa komai. Hayaƙi da mai suna zama a jikin zare su jawo ƙura. In ƙurar ta yi yawa, ki ɗora raga mai laushi a kai, ki rage ƙarfin na'urar zuƙe ƙura zuwa ƙarshe, ki riƙe bakinta sama da ragar kaɗan. Wuraren da suka tsage ki tsallake su.

Gyaran da masu adana kayan tarihi suka yarda da shi shi ne rufi. Ana yanko siririn yadi shara-shara, irin net ɗin lulluɓin amarya, mai kalar da ta dace, a ɗora kan ƙyallen da ya lalace, a kama gefensa da ƙananan ɗinki a jikin mahaɗa. Tsohon yana nan a ƙasa ana ganinsa, ya daina zuba, kuma duk ranar da aka so a warware. Idan dala 300 ɗin nan kin riga kin ware su, ki kai wa ƙwararriyar mai adana tufafin tarihi. Gidan tarihi mafi kusa da ku zai iya nuna miki wadda suke aiki da ita.

Abin saye kaɗan ne: babban kwali marar asid da takarda mai laushi marar asid, ana samunsu wurin masu kayan adana takardun tarihi. Ki cusa takardar a kowane ninki don kada ya karye, ki riƙa sauya wurin ninkin duk bayan wata shida. Kada ki mayar da shi akwatin katakon nan haka tsirara, katako na fitar da mai da asid masu bar wa yadi tabo ruwan ƙasa. Leda ma ba ta yi, tana tara gumi. Ɗakin ƙasa da saman silin duk ki guje su. Inda mutum ke jin daɗin zama, nan bargon ke so.

Sannan tun surukarki na da ƙarfi, ki dafa mata shayi ki zaunar da ita, ki kunna rikoda a waya. Sunan mai ɗinkin, garinsu, ƙyallen wa ne wannan, wa ya riƙe shi bayan wa. Ki rubuta a farin ƙyallen auduga ki ajiye tare da shi.

"Hajiya barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Amurka. Na ga irin bargon nan a shagon tsofaffin kaya, mai shagon ya ce ya haura shekara 130, yana neman dala 450. Ina tunanin in saya in ajiye, in na tashi komawa gida in sayar da riba. Ya kika gani?"

Ɗana, idan riba kake nema, kuɗin makarantarka su zauna a aljihunka. Mutane na ɗauka duk abin da ya tsufa yana tsada, amma a kasuwar nan ƙarancin abu da lafiyarsa ake saye. Su kuwa waɗannan barguna, da yake ba a lulluɓa da su, ba a wanke su, sai aka adana su da yawa. Shagunan tsofaffin kaya da yawa suna da su. Masu kai dubban daloli su ne waɗanda silikinsu bai zuba ba, aikin allurarsu ya fita daban, kuma aka san wadda ta yi da garinsu. Saura kuwa suna nan birjik, kuma kullum lalacewa suke ƙarawa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

In kuma sha'awa ce ta kama ka, wannan daban, sai ka duba da kyau. Ka roƙi a shimfiɗa maka shi gaba ɗaya, ka ƙirga ƙyallayen da suka tsage. Ka duba ƙasan inda yake ajiye: in ka ga gari-gari masu kala, silikin ne ke zuba. Ka nemi ƙananan ramukan asu a jikin ulu. Na shekarun 1880 siliki da karammiski ne da ado cunkus. Waɗanda aka yi bayan 1900 sun fi zama na ulu da auduga, adonsu kaɗan, don amfanin gida. Ƙananan hotunan siliki da ake sakawa a kwalin sigari sai wajajen 1910 suka yaɗu, saboda haka in ka gansu, lissafin mai shago bai cika ba. Yadin roba mai sheƙi kuwa yana nuna an yi gyara daga baya, ko bargon duka sabo ne. Shekarar da za ka gani a jikin wani ribon, wato siririn ƙyallen ado da aka haɗa a bargon, ita ma ba ta nufin ranar gamawa, tana nuna dai ba a gama kafin ita ba, don wasu matan sun shafe shekaru suna tara ƙyalle.

Ƙungiyar masu ɗinkin barguna ta Amurka da ke Paducah a jihar Kentaki tana tantance masu ƙiyasta daraja, ana biyansu su rubuta takarda. Ka fara horar da idonka kyauta: gidan adana barguna na Jami'ar Nebraska da ke Lincoln, wanda aka kafa a 1997, ya ɗora hotunan kayansa a intanet. Kuma ka taya. Farashin farko a irin shagunan nan ba shi ne na ƙarshe ba.

"Hajiya, matata Ba'amurkiya ce, muna zaune a Kano. Mahaifiyarsu ta rasu ta bar irin wannan bargo, su uku ne mata. Yayarsu ta ce a yanka uku kowa ta sa nata a firam. Matata na so a kawo shi nan gaba ɗaya. Wanne ya fi?"

Allah ya ba su haƙuri, Malam. Yankawa dai a'a. Almakashi zai bi ta tsakiyar ɗinkin ado, zaren ya fara warwarewa daga bakin yankan, kuma darajarsa ta kuɗi da ta tarihi duk sun tafi a rana ɗaya. Na fahimci yayar, so take kowa ta samu abin taɓawa na uwarsu. A ɗauko mai hoto ƙwararre ya ɗauki bargon duka da kowane sashe kusa-kusa, a buga manya, kowa ta rataye nata. Shi kuma ya zauna wurin ɗaya, da yarjejeniya a rubuce kan wadda zai koma hannunta nan gaba.

Kawo shi Kano kuwa, ka faɗa wa maiɗakinka gaskiyar garinmu. Laimar Agusta na kawo fumfuna, ƙurar hunturu na shiga ko'ina, bushewarta na sa tsohon siliki karyewa, zafin bazara na gaggauta lalacewarsa, ga gara ga asu. Idan ɗaya daga cikin 'yan'uwan tana da ɗaki mai daidaiton sanyi duk shekara, can ya fi masa. In kuma hankalin matarka ba zai kwanta ba sai yana kusa da ita, wannan ma dalili ne mai nauyi. Ta riƙo shi a jakar hannu cikin jirgi, naɗe da farin zanin auduga da aka wanke. A gida a sa shi a ɗakin da rana ba ta bugu, a saman kabad, nesa da bango da ƙasa, kafur kuma kada ya taɓa jikinsa. A buɗe a duba shi sau biyu a shekara, farkon damina da ƙarshenta.