Hana motar golf da aka ɗaga kifewa a kan tudu

Ka tambayi yadda za ka hana motar golf (ƙaramar motar da ake yawo da ita a filin wasan golf) da aka ƙara wa tsayi karkata a tudu mai tsananin gangara. Ɗagawar ta mayar da nauyinta sama alhali faɗinta bai ƙaru ba, saboda haka a fara da faɗaɗa tazarar tayoyi. Ka hau miƙe, ka sauko miƙe a hankali, kada ka ratsa tudun ta gefe ko ka juya a tsakiyarsa. Fasinjojin kujerar baya ma suna sa sitiyari sako-sako wajen hawa. Birki ne ya fi damuna: yawancin motocin nan a tayoyin baya kaɗai yake, manyan tayoyi kuma suna rage masa kamu, don haka makanike ya duba shi tare da kusoshin ɗagawar.