Sharhi a kafafen yaɗa labarai: zai kawo wa ɗan kasuwa ciniki?

Tambaya: Ina sayar da kayan sola, wato faifai da batura da inbata, kuma kuɗin talla ya fi ƙarfina. An ba ni shawara in riƙa yin sharhi a rediyo da jaridu a matsayin masani. Wannan zai kawo ciniki kuwa? Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, shawarar tana kan hanya, amma kada ka sa ran ganin masu saye washegari. Abin da sharhi ke jawo maka shi ne yarda. Wanda ya ji ka sau uku kana bayanin dalilin mutuwar batir da wuri, ranar da ya tashi saye sunanka zai tuna.

Ka fara da taƙaita fagenka. Zaɓi batutuwa biyu ko uku da ka san cikinsu da bayansu: bambancin batirin litiyam da na dalma, yadda ake auna wutar da gida ke buƙata, yadda canjin kuɗi da harajin shigo da kaya ke motsa farashi. Sannan ka nemo 'yan jarida kamar goma da ke rubutu kan makamashi ko kasuwanci, ka karanta aikinsu, ka aika wa kowa gajeren saƙo: sunanka, sana'arka, abin da za ka iya magana a kai, da lambar da za a same ka. Akwai kuma dandalin da ke haɗa 'yan jarida da masana, irin su Qwoted da HARO.

Gaggawa ita ce rabin aikin. Ɗan jarida yana da lokacin miƙa labari, kuma sau da yawa wanda ya fara ba da amsa mai ma'ana shi ake ɗauka. In labari ya fito a fagenka, ka amsa cikin awa ɗaya ko biyu, da jimloli uku ko huɗu da za a iya ɗauka yadda suke. A labaran rediyo da talabijin, abin da za a saka na muryarka ba ya cika wuce daƙiƙa 20, don haka ka sa muhimmiyar maganar a farko.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne mai da hira talla. Da zarar ka fara "ku zo shagonmu", edita zai yanke wurin, kuma da wuya a sake kiran ka. Ambaton sunanka da na kamfaninka ya wadatar. Kada ka faɗi adadin da ba za ka iya nuna tushensa ba, kada ka kushe abokin sana'a da suna. Tun da kai mai sayarwa ne, ka faɗi hakan a fili in ana maganar kayan da kake sayarwa. Duk abin da ba ka so a buga, ku yi yarjejeniya kafin ka furta shi. Bayan ka faɗa, bakin alƙalami ya bushe. In kuwa aka nemi ka biya kafin a sa ka, talla ce ka saya, sai ka lissafa ta a kuɗin talla.

Bayan an buga, ka sa mahaɗin labarin a shafukanka, ka buɗe Google Alerts da sunanka, wato tsarin Google da ke aiko maka saƙo idan an ambaci sunanka a intanet, ka kuma riƙa tambayar sababbin masu saye inda suka ji labarinka. Ka ba abin wata shida kafin ka yanke hukunci.