Mama na cewa gara ta mutu, shin imaninta ne ya yi rauni?

Tambaya: Salam Malam, daga Aboabo nake a Kumasi. Mamana ta daɗe tana dafa waake da itace, yanzu hayaƙi ya lalata mata huhu, a Gee (asibitin Komfo Anokye) suka ce ciwon ba ya warkewa sai lallaɓawa. Bata barci, ta daina zuwa biki da suna, in numfashi ya sarƙe sai kuka tana cewa gara ta mutu. Dokita ya turamu wajen likitan ƙwaƙwalwa amma kawuna yace rashin tawakkali ne. Dan Allah meye hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya.

Ku kaita, halal ne, kuma in kuna tsoron ta cutar da kanta toh ya zama wajibi a kanku. Annabi (SAW) yace ku nemi magani bayin Allah, hadisin Usama bn Sharik ne a Abu Dawud da Tirmizi, bai ware ciwon damuwa ba. Maganar kawu kuwa ban yarda da ita ba gaskiya. Annabi Yakubu (AS) baƙin ciki ya sa idonsa ya yi fari, duba Suratu Yusuf aya ta 84, waye zai ce ba shi da tawakkali?

Ƴata, wanda bai taɓa neman iska ya rasa ba bazai gane ba. Numfashi ya sarƙe sai tsoro ya zo, tsoron ya sa ta haki da sauri, hakin ya ƙara toshe ƙirjin, haka abin ke ta zagayawa har mutum ya ji tsoron tashi zuwa bayi ma, ga hunturu in ya shigo da ƙurarsa. Shi kansa inhela ɗin Ventolin, maganin da ake shaƙa don buɗe numfashi, yana sa bugun zuciya da rawar hannu, ku faɗa wa dokita in tana ji. Kar kuma ku saya mata Valium a kemis don ta yi barci, irin wannan yana danne numfashi.

Cewa gara ta mutu, eh an hana a hadisin Anas cikin Bukhari da Muslim, amma a wannan hadisin aka ba mara lafiya mafita, ta ce Allah ka rayani in rayuwa ce alheri gareni, ka ɗaukeni in mutuwa ce alheri. Ki koya mata a hankali, banda faɗa. Kuma ki tambayeta kai tsaye ko tana tunanin yi wa kanta wani abu, in tace eh kar a barta ita kaɗai, ranar za ku asibiti.

Sallah ta yi a zaune ko a kwance, ladanta cikakke ne. Ruƙya da addu'a a ci gaba, maganin asibiti ma a ci gaba, sannan a cireta daga bakin murhu. Kawu kuma a bashi aikin rakata Gee.

Wallahu a'alam.