Shuka ba tare da kaftu ba

Tambaya: Malam, ina da ɗan fili a bayan gida a Mai Wurno, jihar Sinnar. Ƙasarmu baƙar laka ce, da rani ta tsattsage, da damina ta kama fartanya. Bayana ya gaji. Wai ana shuka kuɓewa da lalo ba kaftu?

Amsa: Ana yi, Hajiya, ni ma haka nake yi da albasata. Ki sare ciyawa, ki shimfiɗa kwalaye ki jiƙa su, sannan ki zuba taki mai kaurin santimita 10 a kai. A cikin takin za ki shuka. Amma fa wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji ƙone tsiro yake yi. Saiwoyi da tsutsar nan tana su za su huda miki lakar. Kaftu kuwa ƙwayar ciyawar da ke binne yake fitarwa ta sami rana ta tsiro.

Ki rufe sama da ɓawon gyaɗa, ruwa zai daɗe. Gara za ta ci kwalin, kada ki damu, sai dai ki nisanta shi da katangar ɗaki. Ciyawar kiri-kiri ce mai taurin kai, ita kam sai kin bi ta da hannu. Tumatir ki bari sai Nuwamba.