Amsoshin Tambayoyinku: Man Ganye da Masu Sayar da Jabu

Wata baiwar Allah daga Ƙofar Marusa ta rubuto hankalinta a tashe, wai ta kwashi adashinta ta sayi 'yar tukunyar tururi, irin wadda ake turara ganye a ciki tururin ya fito da mansa, don ta riƙa cire man na'a-na'a tana sa ma sabulun da take saidawa, ta shanya ganyen kwana uku bisa rufin kwano, ta daka a turmi, amma man da ya fito ko cokali bai cika ba.

'Yar'uwa kwantar da hankalinki, tukunyarki lafiyarta lau, rana da turmi ne suka shanye maki man. Shi man na'a-na'a a jikin fatar ganyen yake cikin wasu 'yan ƙananan ƙuraje, shi ya sa da kin murza ƙamshi ke kama yatsunki, to wancan ƙamshin da ya cika maki tsakar gida sadda kike daka, man ne ke bin iska. Ki yanko da hantsi bayan raɓa ta bushe, ki baza bisa tabarma a inuwa inda iska ke ratsawa, kwana ɗaya ko biyu ya yi yaushi kawai ba ya bushe ƙayau ba. Kar ki cusa shi a buhu da danshi, zai ɗauki zafi ya yi baƙi man ya fito da warin ruɓa. Ganyen zaiti kuwa, wato bishiyar turare (eucalyptus), daban ne, ɗaga shi saitin rana ki ga ɗigo-ɗigo a ciki, can man yake, shi ana yayyanka shi amma a zuba a tukunya nan take.

Wani daga Daura na tambaya ko ya tafasa ganyen cikin man gyaɗa ya huta da sayen tukunya. Malam wannan man gyaɗa ne mai ƙamshi, in ka saida shi da sunan zallan man ganye ka ci haƙƙin mutane.

Sai mai tambayar ko ya sayi ƙatuwar kwalbar man na'a-na'a da ya gani a Facebook da kuɗin da bai kai na tiyar shinkafa ba. Haba ɗan'uwa! Kilo 100 na ɗanyen ganye ba ya ba da ko lita 1, ga itace ga ruwa ga wuni guda ana fama, ta ina zai yi wannan arhar? Wallahi abin nan na ci min rai, a zuba farafin ko man girki a ɗiga turare kaɗan a liƙa takarda mai kyau, mata su saya suna shafa ma jarirai don mura. Kafin ka biya ka ɗiga ɗigo ɗaya bisa farar takarda ka aje, na gaske zai tashi, wanda aka haɗa da mai zai bar tabon maiƙo irin na takardar ƙosai. In a farar roba ka gan shi an jera cikin rana kar ka taɓa, kwalba mai duhu ake sa shi. Ko na gasken ne ba a sha, ba a shafa shi zalla sai an sirka da man kwakwa, na zaiti da na na'a-na'a kuma kar a kai su kusa da hancin jariri.